Malam Kong, Sarkin Qin, da Magatakardan da Ya Ba da Labarinsu

Tun kafin zuwan Turawa malamanmu sun san akwai wata ƙasa can ƙurewar gabas wadda a ke kira Sin. A littattafan Larabci suka sami sunan, Larabawa kuwa daga Farisa suka karɓo shi. Masana da yawa suna ganin asalin kalmar sunan wata daula ne, Qin, wadda Sinawa ke furtawa kamar "Cin". In haka ne, to, duk sa'ad da Bahaushe ya ce "birnin Sin" don ya kwatanta wuri mai nisa, gidan sarautar wani mutum ya ke ambato, wanda ya mutu yau fiye da shekara 2,200, wanda kuma mulkin gidansa bisa ƙasar duka bai wuce shekara 15 ba.

Wannan takarda ta shafi mutum uku: shi wannan sarki, da wani malami da ya riga shi zuwa duniya da wajen shekara 290, da magatakardan da ya rubuta labarinsu duka biyu. Yadda aka saba ba da labarin shi ne, sarki ya ƙone littattafan malami, mulkinsa ya karye nan da nan, koyarwar malami kuwa ta rayu shekara dubu biyu. Labari ne mai daɗin ji, balle ga mu da alli ke hannunmu. Amma ina ganin yana bukatar gyara, kuma gyaran ya fi labarin amfani ga ɗalibi. Inda aka ga K.M. bayan shekara, kafin Miladiyya a ke nufi.

Bisa ga lissafin da aka gada, an haifi Kong Qiu a shekara ta 551 K.M. a ƙaramar ƙasar Lu, cikin yankin da ya ke lardin Shandong yanzu. Sinawa suna ce masa Kongzi ko Kong Fuzi, watau Malam Kong. Limaman Kirista na Turai da suka shiga Sin a ƙarni na 16 da na 17 su suka juya sunan ya koma Konfushiyas. A zamaninsa babban sarkin gidan Zhou suna kawai ya rage masa. Sarakunan ƙasashe suna ta kai wa juna hari, fadawansu kuma suna ƙwace iko daga hannunsu. A Lu ma gidaje uku na manyan fadawa su ke juya sarki yadda suka ga dama. Kong ya tashi maraya, cikin rashi. Ya yi aikin tsaron rumbunan hatsi, ya yi na lura da dabbobi. Sai da ya kai wajen shekara 50 kana ya sami sarauta ta kirki, har aka ɗora shi bisa al'amuran shari'a, amma bai daɗe ba. A 497 K.M. ya bar Lu da almajiransa, ya yi kamar shekara 13 yana bin fadodin sarakuna yana neman wanda zai yi aiki da shawararsa. Bai samu ba. A wani wuri, tsakanin ƙasar Chen da ta Cai, har guzurinsu ya ƙare, almajirai suka kasa tashi don yunwa. Ya komo gida a 484, ya rasu a 479 K.M., yana ganin bai cim ma abin da ya fita nema ba.

Abin da ya koyar ba shi da wuyar faɗi. A ganinsa mulki yana tsayuwa ne bisa halin mai mulki, domin talakawa suna kwaikwayon na sama da su. Wanda aka tsare da bulala zai guji laifi don tsoro, amma ba zai san kunya ba. Ya ƙarfafa biyayya ga iyaye, da kiyaye ladubban da aka gada, da tausayin ɗan Adam. Akwai kalma guda, junzi, wadda a da ma'anarta ɗan sarauta. Shi ya mai da ita ta zama mutumin kirki, ko daga wane gida ya fito. Ya kuma karɓi almajirai ba tare da duban asali ba. Bai yi da'awar annabci ba, kuma ya kan kauce wa zancen aljanu da abin da ke bayan mutuwa, saboda haka ya kamata malami ya yi hattara kafin ya ce wa ɗalibai wannan addini ne kamar yadda mu ke fahimtar kalmar. Maganganunsa almajirai da almajiran almajirai suka tattara bayan ransa, cikin littafin Lunyu mai babi 20.

Can yamma, a kwarin kogin Wei, ƙasar Qin ta bi wata hanya dabam. Daga 356 K.M. wani waziri mai suna Shang Yang ya sake mata tsari. Ya haɗa gidaje biyar biyar da goma goma, in ɗaya ya yi laifi sauran ba su kai rahoto ba, hukunci ya hau kansu duka. Ya sa girma ya zama gwargwadon kawunan abokan gaba da mutum ya kawo daga fagen fama, ɗan sarki ma in bai yi yaƙi ba ya rasa matsayinsa. Ya raba ƙasa gunduma gunduma a hannun ma'aikata waɗanda sarki ke naɗawa yana tuɓewa. Shi kansa an kashe shi a 338 K.M., amma dokokinsa suka zauna. Wannan ƙasa Ying Zheng ya gada yana da shekara 13. Tsakanin 230 da 221 K.M. ya cinye ƙasashe shida da suka rage ɗaya bayan ɗaya, watau Han, Zhao, Wei, Chu, Yan da Qi, sa'an nan ya ƙago wa kansa sabon laƙabi, Shi Huangdi, Sarkin Sarakuna na Farko, da nufin ɗansa ya zama na Biyu, a yi ta ƙirgawa har abada.

A nan ne babbar gardama ta tashi a fada. Waɗansu fadawa suka ba da shawara a raba wa 'ya'yan sarki ƙasashe masu nisa su riƙe, kamar yadda gidan Zhou ya yi. Li Si ya ƙi, ya ce wannan rabon shi ya haifi yaƙin da aka sha ƙarni bayan ƙarni. Sarki ya bi Li Si. Aka yanka ƙasa larduna 36, kowane lardi da gundumominsa, ba wanda ya ke gadon kujera. Aka daidaita rubutu, da mudu, da ma'aunin nauyi, da kuɗi, har da tazarar da ke tsakanin ƙafafun karusa, don kowace ta bi sawun 'yar'uwarta a hanya. Aka tura janar Meng Tian arewa da mutum 300,000, ya kori makiyayan Xiongnu, ya haɗa tsofaffin ganuwoyi. A lura dai, ganuwar dutse da bulo da mu ke gani a hotuna yawancinta ginin daular Ming ne, 1368 zuwa 1644. Ta Qin mafi yawanta ƙasa ce aka daddaɓe.

A 213 K.M. wani malami ya sake ta da zancen rabon ƙasa a wurin wata liyafa, yana kafa hujja da mutanen da. Li Si ya ce masu yabon jiya don su aibata yau su ke rikita talakawa, ya nemi a ƙone tarihin sauran ƙasashe da littattafan waƙoƙi da na hikima da ke hannun jama'a, a bar na magani, da na duba, da na noma. Aka yi haka. Shekara ta gaba aka kashe masana fiye da 460 a Xianyang, babban birnin. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma Li Si ya dace da karin maganar, amma kada mu manta hatimin sarki ne a kan umarnin. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: shi Li Si almajirin Xunzi ne, Xunzi kuwa yana cikin manyan malaman da suka bi tafarkin Kong. Ashe wanda ya kawo shawarar ƙona littattafan a makarantar masu littattafan ya yi karatu.

Sarki ya mutu a 210 K.M. yana kan rangadi a gabas, bayan ya ɓatar da dukiya mai yawa wajen neman maganin da zai hana shi mutuwa. Li Si da wani bafade mai suna Zhao Gao suka ɓoye rasuwar, suka sa aka bi karusar gawa da kaya na busasshen kifi don warin ya rufe wari, suka ƙaga wasiƙar da ta sa babban ɗan sarki ya kashe kansa, suka naɗa ƙaramin. A 209 tawaye ya ɓarke, a 208 aka kashe Li Si, kafin ƙarshen 206 gidan Qin ya zama tarihi.

To, daga ina muka san wannan duka? Kusan duka daga mutum guda ne. An haifi Sima Qian wajen 145 K.M., a zamanin daular Han wadda ta gaji Qin. Ubansa, Sima Tan, shi ne babban magatakarda mai lura da taurari da kalanda a fadar Sarki Wu. Da zai rasu a 110 K.M. ya bar wa ɗansa wasiyya ya ƙarasa tarihin da ya fara. A 99 K.M. wani janar mai suna Li Ling ya miƙa wuya ga Xiongnu bayan an yi masa ƙawanya kibansa sun ƙare. Fada duka ta juya masa baya, Sima Qian ya tsaya ya kare shi a gaban sarki. Aka jefa shi kurkuku aka yanke masa hukunci, ba shi kuwa da kuɗin fansa. Mutum mai daraja a wancan zamani ya kan kashe kansa da ya yarda a mai da shi baba irin na gidan sarki. Sima Qian ya yarda da wulaƙancin don littafin bai ƙare ba. Ya ƙare shi: Shiji, babi 130, harafi fiye da 500,000, daga sarakunan farko har zuwa zamaninsa. Tsarin da ya yi, na jera labarin sarakuna shekara shekara sa'an nan a bi da tarihin rayuwar mutane ɗaya ɗaya, shi marubutan tarihin dauloli suka bi har aka tara littattafai 24.

Mutumin da sarki mai cikakken iko ya yi wa haka, da wane ido zai dubi sarkin da ya fara kafa irin wannan iko? Da wane ido kuma zai dubi malamin da sarakuna suka ƙi ji? Ya sa babin Kong a cikin jerin gidajen sarauta, alhali Kong bai taɓa mallakar ko da ƙauye ba, kuma ya faɗi cewa ya je Lu da kansa ya ga ɗakin tunawa da malamin da kayansa. Ban ce ya yi ƙarya ba. Amma ma'aikacin Han ne, yana rubutu shekara ɗari bayan abin ya faru, daular Han kuwa tana da bukatar a ga Qin da baƙin jini.

A zamaninmu ƙasa ta fara ba da tata shaida. A watan Disamba na 1975, a Shuihudi cikin lardin Hubei, aka tone kabarin wani ƙaramin ma'aikacin Qin da aka binne wajen 217 K.M. tare da tsagin gora fiye da 1,100 masu rubutu, yawancinsu dokoki. Sima Qian ya ce tawayen 209 ya tashi ne don ruwan sama ya tsare waɗansu mutum 900 da aka ɗiba zuwa tsaron iyaka, hukuncin makara kuwa kisa ne. Dokar aikin tilas da aka samu a kabarin ta ce makarar kwana 3 zuwa 5 tsawatawa ce, ta kwana 6 zuwa 10 tarar garkuwa guda, abin da ya wuce haka tarar sulke. Mai yiwuwa dokar soja ta fi wannan tsanani, ko kuma Sarki na Biyu ya ƙara mata gishiri, saboda haka wannan bai rushe labarin ba, amma ya sa mu yi tambaya. Haka nan mutanen da aka kashe a 212: in an karanta babin da kyau, waɗansu bokaye masu neman maganin mutuwa da suka zagi sarki suka gudu su suka jawo fushin, kuma masana da dama suna ganin daga baya ne aka mai da su duka almajiran Kong. Game da littattafai, an ajiye kofe a fada. Wutar da madugun 'yan tawaye Xiang Yu ya sa wa Xianyang a 206 K.M. tana iya zama ta fi umarnin Li Si ɓarna.

Kada wannan ya sa a wanke sarkin. Dokokin nan na Shuihudi cike su ke da yanke hanci, da yanke ƙafa, da tsaga fuska, da bautar shekaru. Wani wurin kuma ƙasa ta gaskata magatakardan. Ya ce an yi koguna da tekuna na zaiba a cikin kabarin sarki. Gwajin ƙasar tudun da aka yi cikin shekarun 1980 ya nuna zaiba mai yawa fiye da ta kewaye. Ya ce mutum 700,000 aka tara a wurin aikin. Lissafin ya yi kama da na mai ƙari, sai a watan Maris na 1974 waɗansu manoma suna haƙa rijiya kusa da Xi'an suka ci karo da rundunar mutum-mutumi na gasasshen yumɓu, girman mutum sosai, waɗanda a ke ƙiyasta sun kai 8,000. Su kuwa ko ambatonsu bai yi ba. Ɗakin kabarin kansa har yanzu ba a buɗe shi ba.

Yanzu sai mu koma ga tambayar wa ya ci. Liu Bang, ɗan talakawa wanda ya kafa Han a 202 K.M., ya raina malamai, har sai da wani cikinsu, Lu Jia, ya nuna masa cin ƙasa dabam, riƙonta dabam. A 195 K.M. ya je ya yi yanka a kabarin Kong. Amma larduna da gundumomi da yawancin dokokin Qin ya riƙe su. Ƙasashen da ya raba wa dangi kuwa suka yi tawaye a 154 K.M., aka karya su, aka yi ta rage musu iko. Sarki Wu, shi wanda ya wulaƙanta Sima Qian, shi ne kuma ya naɗa malamai na littattafai biyar na tafarkin Kong a 136 K.M., ya buɗe makarantar fada a 124 da ɗalibai 50. A ƙarni na 2 na Miladiyya ɗalibanta sun kai 30,000. Abin da ya tabbata ke nan: ginin na Qin ne, harshen da a ke magana da shi a cikin ginin na Kong ne. Sarki yana mulki da doka da haraji da soja, ma'aikacinsa kuwa an rene shi da littafin da ke cewa mulki amana ce, mai ƙin gaya wa sarki gaskiya ya ci amana. Da yawa sun faɗi gaskiyar sun rasa kawunansu.

Inda biyun nan suka haɗu sosai shi ne jarrabawa, kuma nan ne zancen ya fi shafar malaman kwalejojin horon malamai. An fara ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa a daular Sui, 581 zuwa 618, abin ya bunƙasa a daular Song, 960 zuwa 1279. A zamanin Song ne aka riƙa rufe sunan mai rubutu, a kuma sa magatakarda su kwafe amsarsa don kada mai dubawa ya gane hannunsa. A 1313 aka tsai da sharhin Zhu Xi bisa littattafai huɗu ya zama ma'auni, haka kuwa aka yi ta tafiya har aka soke tsarin a 1905. Filin jarrabawa na Nanjing ya kai ɗakuna fiye da 20,000, kowane ɗan ƙuƙut, a kulle mutum ciki kwana da kwanaki da tawadarsa da guzurinsa. Koriya ta ɗauki tsarin a 958, Biyetnam a 1075. Sa'ad da Ingila ta ke shawarar ɗaukar ma'aikata da jarrabawa, wadda ta kai ga rahoton Northcote da Trevelyan na 1854, misalin Sin yana cikin abin da masu goyon baya da masu suka suka yi ta ambata.

Alherin tsarin a fili ya ke: ɗan manomi yana iya zama waziri, kuma an yi waɗanda suka zama. Amma ɗan manomin da iyayensa za su iya ciyar da shi shekara 20 yana haddace littafi ba shi da yawa, mata kuwa ba su shiga sam. Sa'an nan gwamnati ita ke zaɓen littafin da sharhin da siffar amsar. Li Si ya so ya mallaki tunanin masana da wuta bai iya ba. Magadansa suka mallake shi da alkawarin sarauta, masana suna murna. Waɗanda suka faɗi kuma sun fi waɗanda suka ci yawa nesa ba kusa ba. Ɗaya daga cikinsu, Hong Xiuquan, ya faɗi sau huɗu, ya ta da tawayen Taiping wanda aka murƙushe a 1864 bayan an yi hasarar rayuka aƙalla miliyan 20.

Jarrabawar shiga jami'a ta yau, gaokao, ba 'yar waccan ba ce kai tsaye, gama lissafi da kimiyya da harsunan waje a ke tambaya. Amma Sinawa da kansu su kan kwatanta su, har wanda ya zo na ɗaya a lardi su kan kira shi da laƙabin zakaran jarrabawar fada ta da. An dakatar da ita a 1966, aka komo da ita a 1977, mutum miliyan 5.7 suka zauna, aka ɗauki wajen 270,000. A 2024 waɗanda suka yi rajista sun wuce miliyan 13. Gunduma kuwa har yau ita ce ginshiƙin mulkin ƙasar, mutumin Beijing da na Guangzhou kuma, ko da ba su ji maganar juna ba, suna karanta rubutu guda.

A ƙarni na 20 an sake ta da shari'ar mutanen nan biyu. Samarin da suka yi yunƙurin 4 ga Mayu na 1919 sun ɗora wa Kong alhakin raunin ƙasarsu a gaban Turawa da Japan. A 1958 Mao Zedong ya yi alfahari cewa jam'iyyarsa ta ninka abin da Sarkin Qin ya yi wa masana sau ɗari. A watan Nuwamba na 1966 samarin Juyin Al'adu suka shiga Qufu, garin Kong, suka farfasa allunan dutse, suka tone kaburburan zuriyarsa, a 1974 kuma aka yi gangamin ƙasa duka na la'antarsa. Bayan shekara 30, a 2004, gwamnatin jam'iyyar nan ta buɗe cibiyar koyar da Sinanci ta farko mai sunansa a Seoul. Irinta tana nan a Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka. Shugaba Xi Jinping ya ziyarci Qufu a 2013.

A watan Janairu na 2011 aka kafa mutum-mutumin Kong na tagulla, mai tsawon mita 9.5, a gaban babban gidan tarihi da ke gefen dandalin Tiananmen, yana hangen hoton Mao a tsallaken titi. Gardama ta tashi, waɗansu na murna, waɗansu na cewa an ci mutuncin juyin juya hali. Cikin wani dare na watan Afrilu aka ɗauke shi, aka mai da shi wani tsakar gida a cikin ginin.